Harsasan da Ka Goge da Kananzir

Garwa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Abduljalil, a Kusiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ƙani ke yi wa wansa ko da ransa a ɓace yake. Allah ya sa ka isa gida lafiya, ya ba matarka Kaltouma sauƙin ƙafarta, ya shirya yara. Mu nan lafiya. Innarmu ta koma cin abinci sosai, matata Fatime ta yaye ɗanta, masarar gonarmu ta Ngong kuma ta yi kyau, abin da birai suka bar mana.

Tunda ka manta ko ni wane ne, bari in tuna maka. A aji uku na koleji karatuna ya tsaya, ba wanda ya ce in koma. Na yi faci a bakin hanyar Pitowa, na koyi walda da idona, na sayi injin sassaƙar ƙarfe da gumina, na gina gidan da ka kwana a ciki makon jiya. Bindigar Kaka kuwa, ta zamanin Jamus, a rufin ɗakin Baba na tsamo ta, zanzaro ya yi gida a bakinta. Lokacin cewa kuka yi a kai wa maƙeri. Irin harsashinta ya ɓace tun kafin a haife mu. Ni na buɗe mazaunin harsashin ya karɓi kwanson da ake samu yanzu. Ni na yi sintirin ofisoshi har permi, takardar izinin riƙe ta, ya fito da sunana. Ni na sassaƙa mazubi, ina narka dalmar da nake samu wurin masu gyaran taya da masuntan Binuwai, ina zuba harsashi ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ƙarfe ne, dalma mai laushi yake so, ba harsashin kanti ba. A cikin duk wannan, nuna mini wurin da hannunka ya taɓa.

Ka zo ganin Inna, na karɓe ka, aiki ya kai ni Bibémi. Ina juya baya ka sa ɗan baffanmu Adoum ya buɗe maka akwatina, don kai babba ne ba ya iya ce maka a'a. Ka ga kan harsasan da maiƙo, ka ce Abakar ƙazami ne, kayan Kaka suna warin mahauta. Ka zauna da tsumma da kananzir ka goge su tas har suna ƙyalli. Yaya, wannan maiƙon kakin zuma ne da kitsen rago, da gangan nake tsoma kowane kai a ciki. Shi ke hana dalma mannewa a cikin bututun. Adoum ya ce ya faɗa maka, ka ce ya yi maka shiru, ka riƙe bindiga tun ba a yi masa kaciya ba.

Daga nan ka kwashi 'yan'uwa zuwa gonar Ngong za ka nuna musu yadda ake korar birai. Harbin farko ya ɗan matsa kusa. Sauran kuwa, dalma ta riga ta shafe cikin bututun, kowane harsashi ya kama gabansa. Ɗaya ya huda durom ɗin ruwan Maxime, maƙwabcin gonarmu, matarsa tana tsaye ba nisa. An ce biran ko tashi ba su yi ba. Ni na je na ba mutumin haƙuri, ni na liƙe masa durom, kuma da ya kai ƙara brigad wurin jandarmomi, sunan da ke kan permi za a nema, ba naka ba.

Da a nan ka tsaya da na haɗiye. Amma ka tara dangi a ɗakin Inna, ba na nan, ka ce na lalata gadon Kaka da karambanina, gara a kai bindigar Kusiri a rataye a falonka. Tsohuwa ta yi kuka, har yau kallon ɓarnatau take yi mini. Ka san al'adar gidanmu: wanda bindigar ke hannunsa, shi ake zana sunansa a farantin tagullar da ke jikin ƙotarta. Na Kaka na nan, na Baba na nan. Ni ban yi gaggawar sa nawa ba, na ɗauka kowa yana da ido. Sai ga Jérôme mai zanen tagulla ya tare ni a kasuwa yana tambaya ko Abduljalil a haɗe ake rubuta shi ko a rabe.

To ka ji da kyau. Na kankare dalmar da ka bar mini a bututun har yatsuna suka kumbura. Na zuba sababbin harsasai, na tsoma su a maiƙonsu, na harba a gaban Adoum da Maxime, duk suka faɗa inda na nuna. Bindigar nan ba ta zuwa Kusiri. Ba kayan ado ba ce, gonar da ke ciyar da Inna take tsarewa. In kana son abin ratayewa, zan sassaƙa maka ta katako, ka goge ta da kananzir safe da yamma.

Ka gaishe mini da Kaltouma, ba ruwanta a wannan magana. Ka gaida Goggo Ache da su Solange na shagonka. Fatime tana gaishe ku, ni ma ban hana ta ba.

Abu biyu nake jira kafin Juma'a. Ka kira Inna ka faɗa mata da bakinka abin da tsummanka ya yi. Sannan ka kira Jérôme, kai da ka ba shi aikin, ka ce ya zana a ƙarƙashin sunan Baba: Abakar, wanda ya tashe ta. Zan iya zanawa da kaina yau ɗin nan, kayan aikin suna gabana. So nake ya fito daga bakinka.

Ƙaninka,
Abakar