Faifai Tara a Gonar Gero

Tsanyawa, 3 ga Satumba, 1973

Zuwa ga maigidana Iliyasu, wanda ya gudu Kano ya bar amaryarsa da furfura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatun da ya hana ka ƙiba. Mu nan sai godiyar Allah. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ka san ruwa ya ɗauke mana bana. Gonar bayan gida kaɗai ta fid da kai, sai ga tsuntsayen jan-baki kamar hayaƙi. In suka cinye ta, ba mu da tuwo har baɗi.

To ga laifin. Faya-fayan garmaho na kiɗan jaz ɗin nan tara da marigayi kakanka Muhammadu Sani ya samo wajen baƙaƙen Amurka a yaƙin Bama, waɗanda ya bar maka gado, babarka Luba ta ga suna ƙyalli, ga huda a tsakiya an hutar da ita. Ta zura musu igiya ta rataye a gona don korar tsuntsu. Kiɗan da muka yi shekara kusan talatin muna ji, ni da shi, gari na ce mana taɓaɓɓu.

Da azahar na tafi in kwance su. Iliyasu, sai na ji kiɗa na tashi daga faifan da muke kira Tafiyar Agwagwa, mai piyanon nan da ke ɗingishi, har da tsallen da allura ke yi inda ka karce shi kana rarrafe. Garmaho kuwa yana ɗaki, a lalace tun rasuwarsa. Iska ba ta motsi. Tsuntsayen sun jeru a kan gawo, tsit, ko ɗaya bai sauka ba. Da la'asar na shafa faifan, sumul kamar madubi, layukan duk sun shafe.

Na bar sauran a rataye. Geron kwana tara yake nema.

Ka gaida mai ba ka abinci, ka ce ta ƙara.

Amaryarka,
Furera

Tsanyawa, 10 ga Satumba, 1973

Zuwa ga maigida mai fushi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya zafin rai? Direba ya kawo takardarka. Ka ce rana ce ta narkar da su, kuma in kwance maka gadonka maza. Ranar garinku ce ke narkar da ɗaya ta bar takwas?

Kullum azahar ɗaya ke tashi, kullum la'asar ɗaya ya shafe. Liman ya zo ya yi addu'a ranar faifan Mai Kuka, na algaitar nan mai lanƙwasa da ke shessheƙa kamar an yi mata rasuwa. Ya ce shi bai ji komai ba, amma ni na ga babban yatsan ƙafarsa yana bin ganga. Luba kuwa ko leƙen gonar ba ta yi. Ni nakan shimfiɗa tabarma a bakin kunya in saurara, in yi sallama da kowanne. Ko a waƙa ɗaya ban san me mutanen nan suke nufi ba, amma tun dawowar kakanka daga yaƙi kiɗansu ke kwance mini ƙirji.

Gonakin maƙwabta sun zama kara. Namu geron ya nuna, gobe za a yanka. Faifai takwas sun tafi, ka yafe mini.

Saura ɗaya, kuma ka san shi: na kakakin nan mai sanyi, wanda kakanka ya sa wa suna Kiran Furera. Kunya ba ta barinsa ya kira sunana a tsakar gida, sai ya ɗora shi. Ko ina tsakiyar tuƙa tuwo nakan ajiye muciya in tafi. Ban taɓa bari ya kai ƙarshe ban je ba.

Na yi tunanin in kwance wannan in ɓoye maka, har na kai hannu. Amma masu yanka ba za su gama ba sai la'asar, tsuntsayen kuma suna nan kan gawo suna jira.

Na wanke zanena mai shuɗi, Luba ta yi mini kitso, tana ta tambayar bikin wa za ni. In ka zo, damin farko naka ne. Kada ka yi kishi, ya riga ka.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Furera