A Rage Wa Teburin Dangwale Tsawo

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da zaɓe a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Saudatu, tela ce ni a Tudun Wada, Zariya. Cutar shan inna ta shanye min ƙafafu tun ina goye, saboda haka da hannu nake tafiya, da hannu nake juya keken ɗinki. Na rubuto a fili ne domin na je ofishinku matakala ta tare ni, na bar saƙo wajen mai gadi, har yau shiru.

Na farko, hanya. A makarantar firamare muke zaɓe, kuma akwai lambatu a bakin ƙofarta da aka gitta wa katako ɗaya. A zaɓen da ya wuce nan na bar keken guragu nawa, na sa silifa a hannu na ja jiki cikin ƙafafun jama'a har gaban layi. Wannan ban kawo shi ƙara ba, na saba.

Na biyu, na'urar tantancewa. Yatsun da suka shekara arba'in suna taka ƙasa duk kanta ce, na'urar ta ƙi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da 'yar bautar ƙasar da ke riƙe da ita ta durƙusa ta ɗauki fuskata, Allah ya yi mata albarka.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Teburin da ake dangwala ƙuri'a, mai 'yar katangar kwali, don mai tsayuwa aka yi shi. Na miƙa hannu, ko gefensa ban kai ba. Aka sauko min da takardar da tawada ƙasa, na dangwala a fili, wakilan jam'iyyu na tsaye a kaina kamar masu kallon awon hatsi. Cikinsu har da ƙanen Alhajin da ya ba ni zauren gidansa nake ɗinki. Ban zaɓi ɗan takararsu ba. Kafin Juma'a ta zagayo aka ce min za a yi gyara a zauren, in kwashe kayana. Ɗinkin kayan 'yan Islamiyyarsa, wanda da shi nake ciyar da mahaifiyata, aka ba wani. Zauren yana nan yadda na bar shi, ko fenti bai gani ba. Ban zargi ma'aikatanku da mugunta ba, amma kowa ya shiga ya fito da sirrinsa, ni kaɗai na bar nawa a ƙasa.

Na sha wuya kafin in sami inda nake yanzu, wata 'yar baranda a bakin titi. Mai wurin mutumin kirki ne, amma shi ma ɗan siyasa ne, kuma tun yanzu in ya zo wucewa sai ya yi dariya ya ce ai ya san ni tasu ce. Ranka ya daɗe, ni ba tasu ba ce. Zaɓe yana matsowa, kuma wallahi tsoro nake ji. In na dangwala abin da raina ke so, za su gani, in sake kwasar keken ɗinkina. In na dangwala nasu, na yi wa kaina ƙarya. In na zauna a gida, za a ce guragu ba su damu da zaɓe ba. Mahaifiyata ta ce in haƙura in zauna.

Na ji a rediyo ana ta maganar komawa zaɓe da na'ura, wai a latsa kawai. Madalla. Amma in a kan wannan dogon teburin za a ɗora ta, to wani ne zai latsa min, ko a sauko da ita kowa ya leƙa. Makaho kuma, wa zai gaya masa abin da ya latsa?

Roƙona ke nan. A tanadi gajeren tebur mai labule a kowace rumfa, wanda na zaune a ƙasa zai kai. A matsar da wakilan jam'iyyu nesa da shi. A shimfiɗa wa lambatun nan abin da keke zai bi. In na'urar ta zo, a kira mu mu gwada ta, guragu da makafi da kutare, kafin ranar zaɓe.

In kuɗi ne matsalar, kafinta kawai za a kira ya rage wa tebur ɗaya ƙafafu. Labulen kuwa na riga na ɗinka shi da ragowar yadi, yana ninke a ƙarƙashin keken ɗinkina. Ka aiko a karɓa, don Allah, tun ina da wurin da za a same ni.

Allah ya taya ka riƙo, ya raba ka da ranar da za ka miƙa hannu ka kasa kaiwa.

Wassalam.

Saudatu tela,
Tudun Wada, Zariya.