Ranar da Na Kwanta a Ƙarƙashin Jirgi

Zuwa ga Mushe Direkta, mai kula da filin jirgin sama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Ni ne Bukar, mai gadin ɓarakar shingen waya ta gabas, wanda aka dakatar da shi da takarda mai layi uku, wai na bar wurin aikina har mutane suka hau pist, wato hanyar da jirgi ke sauka. Sau biyu na zo biro, wato ofishinka, aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Na bar wurin, ba na musu. Ranar da hantsi ne, lokacin da mutanen bakin Komadugu ke shanya tattasai. Jirgin kaya ya taho kamar zai sauka, sai ya fasa, ya kama zagaye. Sai talkina, rediyon hannun da muke magana da shi, ya yi magana. Madam Hadiza ce, mai ba jirage hanya daga saman tur, hasumiyar filin, Bazindariyar nan da na sha yi wa gunaguni ina cewa ta yi yarinta da wannan aiki. Allah Ya yafe mini. Ta ce, "Baba Bukar, fitilar tayar gaba ba ta kama wa matuƙi ba. Zai wuce ƙasa-ƙasa. Ni ina gani daga gefe, ina son ido daga ƙasa. Ka je bakin pist ka duba." Ni kaɗai ne kusa. Na ruga, na kwanta rigingine.

Mushe Direkta, shekaruna da yawa a filin nan, amma ban taɓa sanin girman jirgi ba sai ranar. Ya rufe mini rana. Ƙasa ta girgiza a bayana, hulata ta tafi har yau ban gan ta ba. La ilaha illallahu! Na ga tayoyin baya sun fito cif, ta gaba kuwa ta leƙo rabi ta tsaya a karkace. Na faɗa mata. Ta ce na gode, kamar na miƙa mata ruwa.

Na biyu, zancen mutane. Wanda ya rubuta takardata bai san mutanenmu ba. Matan da rikici ya koro suka zauna bayan shingen, in sun ga jirgin kaya yana zagaye ƙasa-ƙasa, ba haɗari suke gani ba, rabo suke gani. Kafin in miƙe sun shigo ta ɓarakar, da buhuna da katin rabo, wasu da goyo. Na ɗaga sanda zan kora. Sai muryar ta sake zuwa: "Kada ka kore su, Baba, watsewa za su yi bisa pist. Ka ja baya can wajen bishiyar aduwa ka ce layi."

Na yi yadda ta ce. Na kwarara ihu da Hausa da Barbarci: layi, layi! Wallahi tsigar jikina ta tashi. Matan da shekaru suka koya wa bin layi suka juyo gaba ɗaya, suka jeru a bayana, ba turereniya, kowa da katinta a hannu. Pist ya zama fayau. Ta yaya yarinyar nan ta san wannan, tana can sama bayan gilashi, da jirgi a kunnenta? Har yau ban gane ba.

Na uku, abin da na ji da kunnena. Duk wannan lokaci tana magana da matuƙi da Faransanci a ɗayar na'urar, in ta danna tawa ina jiyowa kaɗan. Ta bar shi ya yi ta zagaye har mai ya ragu, don kada wuta ta samu abin ci. Ta tsayar da motar ƴan kwana-kwana inda take so. Ta faɗa masa iska. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Jirgin ya dafa ƙasa da tayoyin baya, hanci a sama, ya yi ta tafiya a haka kamar ba zai sauke ba. Da hancin ya taɓa, tartsatsi ya tashi, ƙara ta cika duniya, sannan shiru. Mutum huɗu suka fito da ƙafafunsu. Babban cikinsu ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Matan layi suka ɗauki kabbara, ni kuma na zauna na yi kuka, ban ji kunya ba.

Kunyar daga baya ta zo, da wata tsohuwa ta miƙo mini katinta ta ce, yau me za a raba? Na mayar mata da katinta, na ce babu rabo yau.

Ga roƙona. A ɗinke ɓarakar nan, na gaji da faɗa, mutum ɗaya da sanda ba shinge ba ne. A aika wani babba ya gaya wa matan nan abin da ya faru, don ni na yi musu ƙarya, kuma har yanzu in na wuce kallona suke. Kada a taɓa Madam Hadiza. Na ji ta rubuta cewa ita ta aike ni, ban sani ba ko an karanta.

Ni kuma, aikin nan da shi nake ciyar da gida, kuma ban so a ce Bukar ya tsufa ya ƙare da sunan mai gudun aiki. An ce duk maganar tur na'ura tana ɗauka. Ka sa a kunna maka ta ranar, ka zauna ka ji ta daga farko har ƙarshe. In ka ji muryar nan tana cewa "Baba Bukar, ka je," kuma ka ga da kai ne da ba ka je ba, to ka bar takardar yadda take, ni da hannuna zan kawo talkin in ajiye.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama lafiya, Ya sauke kowane jirgi a kan tayoyinsa.

Wassalam.

Bukar mai gadin shinge,
Diffa