Baba Bai Ɗaga Hannu Ba

Laraba, bayan isha'i, Talata Mafara

Yau manoman madatsar ruwan Bakolori sun yi taro a ƙofar gidanmu, ina jin komai daga zaure. Samarin nan masu ra'ayin sauyi, su Yaya Nasiru ɗan Gwaggo Kulu, suna so a kai ƙara kotu, alƙali ya rage ruwan manyan gonaki ya ƙara wa ƙananan manoma. Suka ce mai son talaka ya ɗaga hannu, wanda ya ƙi kuwa maƙiyin talaka ne. Da na leƙa, har waɗanda jiya suke sukar shirin sun ɗaga. Baba bai ɗaga ba, alhali gonarmu ce a ƙarshen magudana, shinkafarmu ta fi ta kowa shan ƙishi.

Yaya Nasiru ya ce, "Kawu, kai ma an saye ka?"

Na ji kamar in nutse. Baba kuwa ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Ɗana, kukanku gaskiya ne, ni ma ina son a gyara rabon. Amma in alƙali ɗaya ya ba mu ruwa yau ba a zauna da kowa ba, gobe wani alƙalin zai karɓe. Kuma ku bar tsorata mutane, ku shawo kansu."

Aka yi masa ihu. Wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a waya. Duk da haka Baba ya raka Yaya Nasiru bakin hanya, ya ce ya gaida Gwaggo.

Gobe 'yan ajinmu za su nuna mini hoton, na sani. Ni da ko tambayar malami ba na iya amsawa sai muryata ta yi rawa. To, bari ta yi rawar. Zan ce musu, "I, babana ne."