Rabonka na Layya Yana Nan, Garba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Daga yayanka Iro mai rufin kwano, Tudun Wada, Minna, zuwa ga ƙanena Garba Tela, a duk inda wannan takarda ta same ka a ƙasar Sudan. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da jikokin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mutum hawa rufi.

Ka san ban yi boko ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Uwani ce ke rubutawa, 'yata ta fari da ka bari tana rarrafe, yanzu malamar makaranta ce mai 'ya'ya biyar. Ni ke faɗa, ita ke dannawa. Sati uku ke nan wayarka ba ta shiga, shi ya sa ta ce za ta saka a shafinta, ko wani Bahaushe na can zai gani ya karanta maka. Saboda haka in ka ji asirinka a bainar jama'a, kai ka jawo.

Saƙonka na ƙarshe na saurare shi har Uwani ta ɓoye wayar. Ka ce jirgin nan marar matuƙi ya saki bam a bayan kasuwarku da hantsi, rufin shagonka ya tashi, amma kan kekenka na ɗinki ya tsira, sai ƙura. Har da dariya ka yi. Ka ce ba ku aka nufa ba, wasu masu bindiga ne da suka yi sansani a can baya. Garba, shekara saba'in ba kaɗan, har yanzu kana nan da halinka na bai wa wanda ya taka ka haƙuri.

Ba ku aka nufa ba. To rufin wa ya tashi?

Ka tuna Ayuba, ɗan Gwarin nan da muke zuwa gonarsu satar gwaiba? Yana nan, ya yi ritaya, ya zama dattijo a cocinsu. Kullum da la'asar yana zuwa bakin shagona da kujerarsa, mu kunna rediyo mu yi ta gardama. Yaƙin duniya babu wanda ba mu yi ba a bakin shagon nan. Mun ji na ƙasashen Larabawa, mun ji na Turawa, mun ji naku. Sunayen garuruwa ne kawai ke canzawa, maganar ɗaya ce. Wannan ya ce martani ya mayar. Wancan ya ce rumbun makamai ya auna, bai taɓa kowa ba. Wani ya ce ya buga ne don abokin gaba ya ji jiki ya zo teburin sulhu. Ayuba sai ya girgiza kai ya ce, "Iro, tun muna da baƙin gashi suke cewa wannan harin shi ne na ƙarshe."

Shi yana ganin duk maganar abin da ke ƙarƙashin ƙasa ce, zinariya da mai, da kuma masu sayar da makamai da ba sa so kasuwa ta tashi. Ni ban ƙi ba, amma na ce masa akwai wani abu ƙari. Shugaban da yaƙi ya daɗe a hannunsa, ya kasa ci, ya kasa bari, dole lokaci-lokaci ya yi wata ƙara don mutanensa su san bai yi barci ba. Kunyar janyewa ce ke tayar da rabin jiragen nan. Ayuba ya ce ban da hujja. Na ce hujjata tana bayan gidanmu, har yanzu ƙasar wurin baƙa ce.

Ka san abin da nake nufi. Shekarar da Baba ya tafi aikin layin dogo Zungeru ya bar mana tsaron rumbun dawa. Gafiya ta yi rami a gindinsa. Kwana uku muna zuba ruwa, muna cusa sanda, ta ƙi fita, yaran unguwa suna mana dariya. Da gaskiya, abin da ta ci bai kai mudu ba, dariyar ce ta fi ci mana rai. Rana tsaka na ce ka ɗebo garwashi a murhun Inna, mu yi mata hayaƙi kaɗan. Kaɗan fa na ce. Kafin mu ƙifta ido jinka ta kama, dawar shekara ta zama toka, ita kuwa gafiyar muna kallo ta fita ta wani ramin ta shige gidan maƙwabta, ko gashinta bai babbake ba.

Da Baba ya dawo bai taɓa mu ba, ka tuna? Ya tsaya kan tokar ya daɗe, sannan ya ce, "To, sojoji, an kama ta?" Daga nan har ya bar duniya, duk ranar da tuwo ya yi kaɗan sai ya dube mu ya ce, "Ku ci a hankali, sauran yana wajen gafiya."

Duk lokacin da rediyo ta ce an kai hari an yi nasara, tambayar Baba ce ke zuwa mini. An kama ta? Masu bindigar bayan kasuwarku, na tabbata washegari sun tashi sun koma wata unguwa. Ku aka bari da kwashe ɓaraguzai. Kuma yaron da ya ga rufin gidansu a ƙasa, ba ya mantawa. Yana girma wani zai miƙa masa bindiga, shi ma ya ce martani zai mayar.

Ni aikina rufi, Garba. Na san yadda magidanci ke tara kwano falle-falle, ya jingine a zaure shekara da shekaru, kafin ranar da zai kira ni. Na san yadda matar gida ke fitowa ta tsaya ta ɗaga kai ranar da na buga ƙusa ta ƙarshe. Wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi yana danna maɓalli, da zai hau tsani sau ɗaya a ranar Minna ya ji yadda kwano ke gasa gwiwa, wallahi da hannunsa ya yi nauyi.

Uwani ta ce in sassauta, wasiƙa nake yi ba wa'azi ba. To, bari in zo kan maganarmu.

Na san abin da ya riƙe ka, kuma ba keken ɗinki ba ne. Ranar da muka raka ka tasha, ka ce za ka bi ta ƙasa, ka yi ɗinki a hanya ka tara guzuri, ba za ka sake taka Minna ba sai da haƙorin Makka a bakinka. Ka isa can, aure ya zo, yara suka zo, teku ta ƙi ƙetaruwa. Shekara arba'in da wani abu kana jin kunyar a ce Garba ya dawo ba Alhaji ba. Uwani ta ce in cire wannan, na ce a bar shi. Kunyar nan taka da ta masu jiragen duk uwarsu ɗaya, ita ma rumbu take ƙonawa.

Wa ma zai yi maka dariyar? Waɗanda suka ji alkawarin nan a tasha, saura ni da Ayuba da Asabe. Ayuba ya ce ko shi bai je Urushalima ba, kuma ba wanda ya hana shi barci. Asabe kuwa, matata, abokiyar wasanka, ta ce in gaya maka, "Ƙaramin mijina ya dawo haka nan, a ina ya ga dasashin da zai riƙe zinariya?" Ta ga hotonka kana murmushi, ta ƙirga haƙora uku a sama. Ni biyu suka rage mini, saboda haka har yanzu ka fi ni arziki.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun shekarar da ka tafi, duk layya ina cire maka ƙafar gaba ta dama, yadda Baba yake ba ka. Asabe ta soya ta ƙandas, ta rufe a langa, ta ɗora kan kabad. Nakan ce wataƙila ka iso kafin cika-ciki, lokacin da kowa ke fito da abin da ya ajiye na ragonsa. In ranar ta zo ba ka zo ba, sai in sauke langar in cinye ina zaginka. Yara sun daɗe suna cewa dabara ce kawai ta in ci kashi biyu. Ba su yi ƙarya duka ba.

Bana na ce ba zan ci ba. Na faɗa a gaban kowa ranar Sallah, kuma ka san ni da magana in ta fita. Cika-ciki saura kwana ashirin. In ya wuce, ya wuce, langar tana nan a rufe.

Ban ce ka fito ido rufe ba, na san hanyar ba ta da daɗi. Ka nemi ayarin masu fita, ka ɗauko iyalinka da kan keken nan mai taurin kai irin naka. Duk inda kuka isa waya ta shiga, ka kira, sauran ka bar mana. Ɗakinka na kusa da rijiya na sake masa kwano da hannuna, ko ɗigo ba ya yi, kuma abin da ke saukar masa daga sama ruwa ne kawai da mangwaro.

Allah Ya tsare ka, ƙanena, Ya tsare maƙwabtanka na can da suka riƙe ka kamar ɗan uwa. Allah Ya sanyaya zukatan masu iko, Ya sa su gaji kafin talakawa su ƙare. Allah Ya jiƙan Baba da Inna. In kana da rabon Makka, Allah Ya kai ka daga nan filin jirgi, ni zan riƙe maka jaka.

Na sa Asabe ta daka rabon naka ya zama dambu, ya yi laushi kamar auduga. Ba ya bukatar haƙori ko ɗaya.

Naka har kullum,
Yayanka Iro, wanda ya ce a ɗebo garwashin.