Abin da Ka Ce a Cire daga Fim

Zuwa ga Malam, inuwar tsamiyata, ruwan randata na tsakiyar bazara, tsohon zakaran da har yau ba a fi shi cara a Mai Wurno ba. Gaisuwa mai yawa daga Khartum, daga tsohuwarka da ta kama ka dumu-dumu.

Nemi wuri ka zauna, ka sa tabarau, kuma kar ka ba kowa ya karanta maka, don asirinka ne a ciki.

Wata uku ka hana zuciyata sakat. Tun ran da jikanka Bilyaminu ya zo daga Khartum da kyamararsa ya bi ka gonar bakin gulbi yana ɗaukar ka fim, ka zama wani mutum. In na gasa kisra na kai maka ka ci, ta dawo yadda na kai ta. Tarin nan naka ya ƙaru. Waya na yin ƙara sai ka zagaya bayan turken awaki, ina jinka kana roƙon yaron ya cire wajen nan, ya cire don Allah, kar kakarsu ta gani. Me kake so zuciyar mace ta saƙa? Na ce shi ke nan, likitan Sinja ya faɗa maka mugun labari, ka ɓoye mini, ka bar wasiyya a cikin kyamara. Da na ce maka zan zo ganin jikarmu Hanan da jaririnta, rabin gaskiya na faɗa. Na zo ne in ji kwana nawa suka rage mana. Na zo ɗin kuma, bakina ya kasa tambayar Bilyaminu.

Kwana biyar yaran nan suna yawo da ni kafin ranar nuna fim ɗin. Sun kai ni Mugran, inda gulbinmu ke haɗuwa da ɗan'uwansa, na sunkuya na tambayi ruwan ko ya baro ka lafiya. Sun kai ni gidan kayan tarihi na ga sarakunan dutse, kowa ya ɗaure fuska ya haɗe leɓe, na ce wa Hanan ai ina da irinsu ɗaya a gida. Ta yi dariya. A masrahin Umdurman, wajen wasan kwaikwayo, wani tsoho ya faɗi ya mutu a kan dandamali. Na yi ta kuka har bayan ya tashi yana ɗaga wa mutane hannu.

Ran Alhamis bayan la'asar aka kashe fitilu, sai ga ka a bango, fuskarka ta kai ƙofar zaure girma. Ya hasken idona, ashe haka kake da kyau? Ga gemun nan kamar audugar gonakin Jazira ran tsinka, ga hannuwan da na sani suna gyara wa ruwa hanya tsakanin albasa. Na damƙe hannun Hanan ina jiran maganar likita.

Sai muryar Bilyaminu ta tambaye ka me ya hana ka bin sa'anninka zuwa manyan gonakin Damazin. Ka sosa ƙeya, ka ce ka taɓa zuwa yankan riɗi sau ɗaya, ka yi kwana tara ka gudo. Wai abinci ya ƙi wuce maka wuya saboda ba ka jin dariyar Dije a tsakar gida.

Dije, Malam! Shekara arba'in da shida ina gidanka, daga “ke” sai “ina kike”, ban taɓa jin sunana a bakinka ba, sai a gaban mutum ɗari biyu. Kuma ka tuna abin da ka faɗa mini da ka dawo shekarar nan? Ka ce zazzaɓi ne ya koro ka. Mako guda ina dafa maka ganyen darbejiya, kana shanyewa kana yatsina fuska, ina taɓa goshinka ina mamakin zazzaɓin da ba ya zafi. Wane irin namiji ne zai gwammace ya sha ɗaci kwana bakwai da ya ce ya yi kewar matarsa?

Mutane sun yi dariya, daga baya suka tafa. Wata mata a gefena tana share ido da bakin mayafinta na tob, Hanan kuma tana nuna mata ni. Na rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mini, dutsen da ya danne ƙirjina wata uku ya mirgine. Ashe ba mutuwa ke damunka ba, kunya ce. Alhamdu lillahi. Tarin dai ba ka tsira ba, ni da kaina zan raka ka Sinja.

Yanzu ga inda maganar take. Bayan Sallah za a nuna fim ɗin a filin makarantar garinmu, gaban liman da abokan zamanka na gindin bishiya. Bilyaminu ya ce tunda sunana ne a ciki, ni ke da ikon cewa a cire ko a bari. Zan ce a cire, in rufa maka asiri, amma da sharaɗi. Ran Litinin motar hayar Mahadi za ta sauke ni. In na shigo na ajiye kaya, ka dube ni ido da ido, ka kira sunan nan sau ɗaya, da bakinka. In ka kasa, wallahi a sahun gaba zan zauna, kusa da matar liman.

Ka kira ko kar ka kira, ya zumar tsufana, ni taka ce. Taka nake tun kaina na baƙi, taka nake yau da ya yi fari, kuma ina roƙon Allah in an tashe mu gobe ƙiyama a ajiye ni kusa da kai. Kana da kwana uku, ka fara gwadawa a gaban awaki.

Taka har abada,
Dije