Huffin Shiga Maƙabarta

Asabar, 8 ga Safar, 1280

Ruwa tun asuba. An yi rasuwa a unguwar majema, Haliru mai haƙar kushewa ya zo ɗaukata. Duk Boɗinga ni kaɗai na rage da na san wa ke kwance ina a tsohuwar maƙabarta. In ba ni, sai su haƙa kan mutum. Na nuna musu bayan aduwa. Na dawo.

Lahadi, 9 ga Safar

Hauwa'u ɗiyata ta zo daga Shagari. Tana zuba mini ruwan alwala ta ga ƙaya a diddigena, wurin har ya fara wari. "Baba, tun yaushe?" Ban sani ba. Tun bara ƙafafun nan sunka daina kawo mini labari. Da uwarta ke duba su kowace la'asar, da ɗan tsinkenta. Ta rasu da bazara. Ranar ban ji kome ba. Yau ma.

Talata, 11 ga Safar

Wanzami ya yanke ruɓaɓɓen naman. Ya ce in ruwa ya sake shiga, ƙafar ta tafi. Hauwa'u ta ce sai takalmi. Tun da aka haife ni ban sa ba. Da tafin ƙafa na san maƙabartar nan, inda tsakuwa take, inda ƙasa ta lotsa. Kuma ba ni taka mutane da fatar akuya. Ta ce, "Tafin da bai ji ƙaya ba ne zai ji tsakuwa?" Bakin uwarta sak.

Alhamis, 13 ga Safar

Ruwa.

Asabar, 15 ga Safar

Wata rasuwar. Hauwa'u ta tsaya bakin ƙofa ta hana ni fita, Haliru ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo na tambaye shi inda sunka haƙa. Ya ce gabas da tsamiya, wai fili ne sarai, ruwa ya baje kome. Can uwar Hauwa'u take. Ba su kai gare ta ba, amma na gaba zai kai. Bai sani ba. Ban faɗa ba. Na ci tuwo.

Laraba, 19 ga Safar

Kan jaki har Shagari, rumfar Maniru baduku. Ya ajiye takalmin fade gabana, ya ɗauke da kansa, ya ce na rani ne. Na ce a ba ni dangarafai, ko banza itace ne, ba fata ba. Ya ce, "Baba, in ka hau wanga cikin laka, Haliru zai riga ni auna ka." Hauwa'u ba ta yi dariya ba.

Sai ya fito da huffi, takalmi mai rufe ƙafa duka. Fatar akuya ninki biyu, ƙasansa kirgin bijimi, ɗinkin a ciki don kada ruwa ya bi zare. Ya sha man kaɗe har shina ƙyalli. Ya zuba masa ruwa, ruwan ya gangare. Ya ce zai shimfiɗa auduga ciki saboda sanyi. Na ce duk ɗaya ne, ba ni jin sanyi. Ya ce, "Ba kai za ni yi wa ba, ƙafar za ni yi wa." Ya auna ni da kaba, shina tambayar Hauwa'u ko ƙafa ce wannan ko faifai.

Litinin, 24 ga Safar

Huffi ya iso. Shina rataye inda uwar Hauwa'u ke rataye tsinkenta. Ba ni na zaɓi wurin ba.

Juma'a, 28 ga Safar

Na sa shi cikin ɗaki, daga gado zuwa ƙofa. Kamar ƙafar wani. Hauwa'u ta yi kamar ba ta gani ba.

Lahadi, 1 ga Rabi'ul Awwal

Ba a yi rasuwa ba. Ni na aika a kira Haliru, na ce ya zo da kwandon fasassun tukwane. A bakin maƙabarta na yi wa mamatan sallama, na ce su yi haƙuri da takalmin. Munka shiga. Ƙasar ba ta ce mini kome ba, sai na bi da ido da baki. Ina faɗin suna, shina kafa tsingaro, shina maimaitawa. Kansa bai kai nawa ba, amma shina riƙewa.

Munka zo tsamiya. Ya ce, "Nan wa?" Na ce mai ɗakina. Ya dubi sabuwar kushewar da ya haƙa a gefe. Can ya ce, "Allah shi jiƙanta. Sunan nake so, Baba, don wanda zai zo bayana." Tun ranar da anka kawo ta gidana bakina bai kira shi ba. Na ce Safinatu. Ya kafa tsingaro, ya maimaita.

Ruwa bai shiga huffin ba, Hauwa'u ta duba. Na hagu shina matsa mini ɗan yatsa tun daga tsamiya har gida. Ba zan faɗa wa Maniru ba, kada ya gyara.